Ankon Ranar Lahadi

Aikina share raɓa ne. In na faɗa wa mutanen gida haka a waya sai su yi dariya, su ce Uwaisu ya je Landan ya koyo zolaya. Amma gaskiya ce. Akwai wani ɗan filin golf can bayan Dagenham, inda gidaje suka ƙare, a nan nake aiki yau shekara uku. Da asuba nake isa, in yi salla a ɗakin ajiye injuna, in ɗauki wata doguwar sanda mai lanƙwasa kamar gora, in bi ciyawar da ke kewaye da kowane rami ina kaɗe mata raɓa, don in ta wuni a jiƙe ciwo take kamawa. Ciyawar nan ita Turawa ke ce wa green. Ta fi kowace darduma laushi. In na gama sai in haƙa sabon rami, in toshe na jiya, in kafa tuta.

Ban yi boko mai nisa ba. A lambun tumatir na tashi, a Kadawa, abin da na sani shi ne ƙasa da ruwa. Shi ya sa Mista Colin, mai kula da filin, ya riƙe ni. Ya ce hannuna yana jin abin da ciyawa ke faɗa.

A wannan lokacin na asuba filin ba ya kama da Landan. Farin hazo yakan kwanta a kan tafki kamar an baza auduga, agwagin ruwa suna tsaye da ƙafa ɗaya, jirgin ƙasa yana wucewa can nesa da fitilunsa ba ka jin ƙararsa sosai. Wani lokaci nakan tsaya da sandar a kafaɗa, in rasa ko na farka ko ban farka ba tukuna.

A gidan Anti Muhibbat nake zaune, ƙanwar mahaifiyata, nas ce. 'Yarta ta fari ita ce Nana Khadija, shekararta goma sha tara, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai ta raba maka biyu, rabi namu rabi nasu. Tun tana 'yar tara take buga golf, bara kuma ta shiga sahun ƙwararru, wato wasan ya zama sana'arta. Anti ba ta taɓa zuwa kallonta ba ko sau ɗaya. Ba ƙi ba ne, kunyar 'yar fari ce. Ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce "yarinyar nan".

Wata Talata cikin watan Mayu mutanen talabijin suka zo filinmu. An gayyaci Nana wata babbar gasa ta mata da za a yi a watan Yuli, a wani fili na masu hali can kudu da Landan, su kuma suna so su nuna ta tun da wuri. Su uku ne, da kyamarori da ɗan jirgin nan da ke shawagi yana ɗaukar hoto. Suka ce fitowar rana suke so, da raɓa, don haka aka ce kada in share ta ranar. Suka ajiye ƙwallo taku goma daga rami, a kan gangare, suka ce wa Nana ta gangara da ita ciki.

Ta buga, ƙwallo ta wuce. Ta sake, ta tsaya a hanya. Kowane bugu yana barin layi a kan raɓa kamar sawun dodon koɗi, su kuma ba sa son a ga sawu. Sai a kira ni da abin feshi in zuba raɓar ƙarya in rufe shi. Ta haka na san lissafin. Sau goma sha uku na yi feshi. A na goma sha huɗu ƙwallon ta lanƙwaso a hankali, ta yi kamar za ta tsaya, ta faɗa. Suka yi tafi, suka naɗe kayansu.

Bayan mako biyu bidiyon ya fito. Minti uku ne. Wallahi ni da nake wurin, da na kalla sai da tsikar jikina ta tashi. Sun sa kiɗa mai sanyi, sun rage gudun hoto, ɗankwalin Nana yana kaɗawa a hankali kamar tana cikin ruwa, raɓata ta ƙarya tana ƙyalli kamar zinariya. Bugu ɗaya tak aka nuna. Wata murya mai kauri ta ce a riƙe sunan nan, ranar Lahadin gasa duniya za ta koyi faɗinsa.

Daga nan abin ya kama kamar wutar kara. Jaridar da ake rabawa a bakin tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta sa mata suna Gimbiyar Dagenham. A talabijin wasu maza uku masu kwat suka zauna suna gardamar abin da za ta yi bayan ta ci kofin. Ɗaya ya ce shekara goma bai ga hannu irin nata ba. Ni dai ban taɓa ganinsa a filinmu ba, kuma a nan take atisaye kullum.

Bidiyon ya faɗa group ɗin matan zumunta na su Anti, ya isa hannun Hajiya Awabu. Hajiya Awabu 'yar zangon Kumasi ce, tana da shagon ɗinki a Catford, kuma ba a biki ko suna a tsakanin mutanenmu sai da ita a gaba. Ita ta ce za a yi anko. Aka buga atamfa kore, da fuskar Nana a cikin da'ira, tana riƙe da kofi wanda ɗan Hajiyar ya liƙa mata da kwamfuta. Mata arba'in da biyu suka ɗinka. Aka yi booking ɗin coach, wato doguwar bas, Mashud mijin Hajiya shi zai tuƙa. Aka raba girki, wasu dafa-duka, wasu waina, wasu waake irin ta Gana. Duk ranar Lahadi. Yawancinsu asibiti suke aiki ko gidan tsofaffi, Lahadi kawai za su iya haɗuwa, kuma ai mai muryar nan Lahadi ya ce.

To ga abin da ba su sani ba. Gasar kwana huɗu ce, Alhamis zuwa Lahadi. Amma ranar Juma'a da yamma ana yin abin da suke kira cut. Ni a raina tankaɗe nake ce masa. Za a duba bugun kowa na kwana biyu, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gaba, sai a bar rabin mutane su ci gaba, rabi a sallame su. Manya ma tankaɗe yana zubar da su, balle yarinyar da wannan ne karonta na farko a irin wurin. Mutanen talabijin ba su faɗi wannan ba a cikin minti ukunsu.

Ana saura mako guda Nana ta same ni bayan la'asar ina gyaran ramin yashi da ake yi wa ƙwallo tarko da shi kusa da tafki. Ta zauna a kan jakar sandunanta, ta miƙo mini waya. Hoton ankon ne a jikin Hajiya Awabu, fuskar Nana ta baje a bayanta, ta yi faɗi kamar faifai.

"Yaya Uwais, ka ga wannan?"

"Na gani. Ya yi kyau ai."

"Ba kyau ba ne, Yaya. Forty-two. Da face ɗina a bayansu." Ta ja numfashi. "Ba na iya barci. In na tsaya a kan ball, su nake gani."

Na ce mata Allah yana nan. Ta ce ta sani.

"Ka gaya musu maganar cut. Please. Kai suna jin Hausarka. Ni in na fara sai su ce tawali'u nake yi." Ta tona yashi da takalmi. "In ban kai Sunday ba, na gama. Ba zan iya shiga Catford ba har abada, kuma ba zan sake taɓa sanda ba. Ka ɗauke su ka kafa wa tumatir."

Ta yi maganar tana murmushi, amma na san ta. Tun tana ƙarama, in ji Anti, in ta ce ta daina cin abu to ta daina. Na ce mata zan faɗa musu.

Washegari na hau bas biyu da jirgi na tafi Catford. Na tarar da shagon cike da kore, keke uku suna aiki. Hajiya Awabu ta gan ni ta ɗaga hannu da almakashi.

"Ɗan'uwan champion! Shigo, shigo. Kai ma mun yanka maka riga. Fausia, kawo tape, wuyan shi ya yi kama da zakara."

Na gaisa, na zauna, aka auna ni. Sai na lallaɓa na ce, "Hajiya, wasan nan fa yana da wani tsari. Ranar Juma'a, in Allah bai nufa ba…"

"Kai!" Ta ajiye almakashi. "Tofar da yawu. Tofar! Yarinya ya tashi zai ci duniya, kai ka zo da in Allah bai nufa ba? Nasara da kan shi ya faɗa a TV. Kai ka fi Nasara sanin wasan shi?"

"A'a, Hajiya."

"Ka gani da idon ka ko ba ka gani ba? Daga can nesa, kwal! Bugu ɗaya."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce kishi ne, don shi ciyawa kawai yake aski. Na yi dariya tare da su, na tofar da yawun kamar yadda aka ce. A gidanmu ba a tarar mai shirin alheri da zancen faɗuwa, mugun baki ake kiransa, kuma ni yaro ne a cikinsu. Na fito da alawar gyaɗa a hannu da maganata a ciki.

Na ce to bari in gwada Anti. Ran Talata na dawo da rana, na ji kiɗan bidiyon nan yana tashi ƙasa-ƙasa daga kicin. Na leƙa. Anti tana tsaye da rigar aikinta, ta jingina waya da tukunya, tana kallo. Ya ƙare, ta mayar da shi farko. Da ƙwallon ta kusa rami sai na ga ta ɗan karkata jikinta, tana taya ta lanƙwasa. Ta ji motsina ta kife wayar da sauri.

"Uwaisu, ka dawo? Girki nake dubawa a nan."

"Sannu da aiki, Anti."

"Akwai magana ne?"

Na dubi fuskarta. Shekara goma tana ɓoye wannan murna. Na ce babu komai, ruwa na zo sha.

Da Nana ta tambaye ni, na ce mata na fara. Ba ƙarya na yi ba, amma ba gaskiya ba ce. Ta gane. Ba ta sake tambaya ba.

Ranar Alhamis ina aiki, a waya na bi. Kyamara biyu suka bi ta tun daga ramin farko. Ta yi bugu saba'in da shida, wanda ba kyau. Ranar Juma'a na roƙi hutu na tafi ni kaɗai. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Itatuwa dogaye kamar sun girmi garin, ciyawa kamar an goge ta da dutsen guga, mutane dubbai suna tafiya ba hayaniya, in wani ya ɗaga allo sai kowa ya yi tsit har ka ji kukan tsuntsu. Na riƙa bin igiyar da ke tare 'yan kallo ina kallon Nana. Kyamarorin jiya babu ko ɗaya. Sun koma wajen wata yarinya 'yar Sweden da ta yi sittin da biyar, a babban allo har an fara kiranta sabuwar sarauniya.

Nana ta yi wasa mai kyau ranar, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ta fito da ƙwallo daga ƙarƙashin wata bishiya ta hanyar da ban san akwai ta ba, mu bakwai ne kawai muka gani, da ni da wani tsoho da karensa a cikin lissafin. Amma a rami na goma sha shida iska ta juya, ƙwallo ta faɗa ruwa. Ta gama da saba'in da uku. Bugu biyu ne suka raba ta da tsallake tankaɗe.

Muka hau jirgi tare. Ta ja hularta ta rufe ido. Da muka isa gida ta shigo da jakar har ɗakina, ta jingina ta da bango.

"Naka ne," ta ce. Ta haye sama.

Ranar Asabar da safe group ya cika da tambaya. Anti ta bar wayarta a kan tebur tana ta ƙara. Wata ta ce ta duba talabijin ba ta ga Nana ba. Sai muryar Hajiya Awabu ta fito: "Ku kwantar da hankali. Champion ne, sun ajiye shi ya huta sai gobe. Kowa ya goge anko. Ƙarfe tara coach zai tashi."

A nan na ga inda shiruna ya kai mu. Na sami Anti tana wanke shinkafa, na durƙusa, na faɗa mata komai, da tankaɗe, da raɓar ƙarya, da alkawarin da na yi na kasa cikawa, da jakar da ke ɗakina. Ba ta daina wanke shinkafar ba.

"Na san wani abu ya faru," ta ce. "Yarinyar nan ba ta taɓa barin takalmanta da laka ba sai jiya." Ta tsiyaye ruwan. "To yanzu mata arba'in da biyu, da waina, ina zan kai su?"

Ban shirya amsa ba, amsar ce ta zo da kanta. Na ce ranar Lahadi da rana filinmu ba kowa, duk suna cikin ɗaki suna kallon ƙarshen gasa, a kawo matan can. Na kira Mista Colin. Ya ce ya ba mu green ɗin atisaye da gefen tafki, ban da takalmi mai tsini, kuma a ajiye masa abinci.

Na hau sama na tsaya a bakin ƙofar Nana, na faɗa mata abin da zan yi, don kada ta ji a bakin wani. Na ce na kasa faɗa da baki, zan gwada nunawa. Na ce ba sai ta zo ba.

"Ba zan zo ba," ta ce ta cikin ƙofa.

"To. Zan ɗauki sandunan."

"Naka ne ai."

Anti ce ta kira Hajiya Awabu ta gaya mata. Ban ji abin da aka ce ba, amma wayar ta daɗe. Wasu mata shida suka fasa zuwa. Sauran suka ce tunda an ɗinka an dafa, a tafi ko ina ne.

Wajen sha ɗaya coach ya shigo ta ƙofar filinmu. Suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, kore bayan kore, ba mai dariya. Hajiya Awabu ta zo gabana ta tsaya.

"Kai ka sani, ka yi shiru."

"Na zo faɗa, Hajiya, kika ce in tofar."

"To da ka tofar sai ka sake faɗa! Bakin ka ɗaya ne?" Ta juya ga sauran. "Amma ni har yanzu ban gane ba. Mutum ya iya sa ƙwallo daga can, kwal, yaya za a kore shi?"

Na ce su biyo ni. A bakin green na roƙe su su cire takalma, suka jera su a gefe kamar ƙofar masallaci. Da ƙafafunsu suka taɓa ciyawar sai surutu ya ragu. Wata tsohuwa ta sunkuya ta shafa ta da tafin hannu, ta ce, "Ikon Allah, wannan a kanta ake wasa?" Na auna taku goma daga rami, a kan gangare, kwatankwacin na bidiyo. Na ajiye ƙwallo. Na ce musu abin da suka gani a waya bugu na goma sha huɗu ne, goma sha uku sun zube, kuma raɓar ma ni na fesa ta. Na ce a gasa sau ɗaya ake ba ka. Na zaro sandar gangarawa daga jakar Nana na miƙa wa Hajiya Awabu.

Ta karɓa kamar muciya. Ta gyara ɗaurin zani, ta yi bismilla, ta maka. Ƙwallo ta bi ta gefen rami a guje, ta sauka daga green, ta shige cikin takalma.

"Goal!" in ji Mashud daga baya.

"Rufe baki, direba. Kawo wani."

Ta sake, wannan ta yi taku uku ta tsaya. Ta sake, ta bi gangare ta tafi wajen da ba wanda ya aike ta. Fausia ta ce ramin ne ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa faɗi. Wata ta ce Hajiya ba tuwo ake tuƙawa ba. A na tara Hajiya ta miƙe tana haki, ta ce ƙasar nan ba daidai take ba, an cuce ta. Na ce haka take a ko'ina, da gangan ake yin ta haka.

Sai kowa ta ce sai ta gwada. Na fito da ƙwallaye na raba. Rana ta ɗan fito, iska tana kaɗa atamfa. Na koma gefe na tsaya ina kallo, abin ya zame mini kamar irin mafarkin da nake yi da asuba: mata talatin da shida ba takalmi a kan kore, sanye da kore, wasu a durƙushe suna leƙen gangare da ido ɗaya, fuskar Nana talatin da shida tana sunkuyawa tana miƙewa, fararen ƙwallaye suna yawo a tsakaninsu kamar 'yan tsaki, ba wadda ta san hanyar gida. Agwagin tafki suka matso suna kallo. Ba wadda ta saka ko ɗaya.

Anti ce ta ƙarshe. Ta ƙi, aka matsa mata. Ta riƙe sandar hannu ɗaya can sama ɗaya can ƙasa, kamar mai shara. Ta buga ta tono ciyawa. Ta sake ta tono.

"Mummy, ba haka ba."

Ban ga zuwan Nana ba. Tana tsaye a bakin shingen itatuwa da baƙar riga mai hula, da alama ta daɗe a wurin. Matan suka juyo gare ta. Ta cire takalmanta ta ajiye a layi, ta tako. Ba ta kalli kowa ba, hannun uwarta kawai take kallo, kamar abin yana mata ciwo a ido. Ta tsaya a bayanta, ta haɗa mata hannuwa wuri ɗaya.

"Kada ki kalli hole. Ki kalli can, wajen ganyen nan. Ƙasa za ta kawo ta."

"Can? Ai ba can ramin yake ba."

"Na sani. Ki yarda."

Anti ta buga. Ƙwallon ta nufi ganye, ta lanƙwaso, ta gangaro, mata suka fara "ehen, ehen", ta zo ta tsaya tazarar tafin hannu daga rami. Aka yi ihu kamar ta shiga. Anti ba ta ɗago ba. Tana kallon ƙwallon ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe abin da yarinyar nan ke fama da shi ke nan shekara goma." Hannunta yana kan na Nana, ba ta janye ba.

Hajiya Awabu ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "To, champion. Mun biya coach… a'a, bar wannan. Mun ɗinka anko. Buga mana ɗaya babba mu gani da idon mu, ba na TV ba."

Nana ta dube ni. Na ce, "Sandunana ne, amma zan ara miki."

Ta harare ni, ta zaro doguwar. Muka koma gefen tafki inda ake bugawa a tsallake ruwa. Na ce wa matan a wasan nan in mutum zai buga shiru ake yi, suka ce sun ji. Ta kafa ƙwallo, ta tsaya ba takalmi, ta ɗaga sanda a hankali har bayan kanta. Daidai nan Fausia ta kasa riƙewa, ta rangaɗa guɗa.

Ƙwallo ta tashi ƙasa-ƙasa, ta karkata dama, ta faɗa tsakiyar tafki. Agwagi suka watse.

Ba wanda ya yi motsi. Nana tana tsaye da sanda a hannu tana kallon da'irar ruwa tana buɗewa, tana buɗewa, har ta taɓa gaɓa.

Sai Hajiya Awabu ta gyara murya.

"Ɗaya ke nan," ta ce. "Saura goma sha uku. Mu ba mu sauri, waina bai huce ba."

Kafaɗun Nana suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, wataƙila da shi a ciki. Ta goge ido da bayan hannu, ba ta juyo ba, ta miƙo mini tafin hannunta a buɗe. Na laluba aljihu na sa mata wata ƙwallon.

Ta biyun ta tashi sama sosai, fara a cikin farin gajimare, har na daina ganinta, sai can na ga ta sauka a tsallaken ruwa ta yi tsalle biyu. Wannan karon Fausia ta jira.

Aka ci abinci a kan ciyawar gefe. Mista Colin ya ci waina biyar, ya tambayi sunan wainar sau uku. Ta tagar ɗakin kallo ana hango talabijin, wata tana ɗaga kofi, ba 'yar Sweden ɗin ba ce, wata ce daban. Ba wanda ya tashi ya duba.

Da yamma ta yi aka hau coach. Na sunkuya zan ɗauki jakar, na tarar babu. Na hango ta can gaba a kafaɗar Nana, sandunan suna ƙara kaɗan-kaɗan in ta taka, tana tafiya a gefen uwarta.

Ni na tsaya, don sai na gyara inda Anti ta tono kafin raɓa ta sauka.